Lamba mai alƙaluma miliyan 41: wa ya tabbatar ba ta rabuwa?

Ɗan_Rafindadi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai, ina son masu lissafi su warware mini. An ce a watan Oktoba na 2024 an gano lambar firam da ta fi duk wadda aka sani girma. Wai a jera 2 guda 136,279,841 a ninka su gaba ɗaya, sannan a cire 1, sai ta fito da alƙaluma 41,024,320. To abin da aka koya mana shi ne firam ita ce lambar da ba abin da ke raba ta babu saura sai 1 da ita kanta. In ka ce mini 101 firam ce, zan gwada 2 da 3 da 5 da 7 in gani da idona. Wannan fa, wa ya zauna ya raba ta? A ganina zato ne mai ƙarfi, ba tabbaci ba. Sannan ko da firam ɗin ce, ban da girma mi ya bambanta ta da sauran?

Sadiq_POS: Wa alaikumus salam yaya. Ai kwamfuta ce ta yi. Abin da zai ci maka shekara, ita kafin ka ƙifta ido ta gama.

Injiniya_Daura: Sadiq, a nan kam kwamfuta ma ba ta isa ba, tambayar tana kan hanya. Gaskiya ne ba sai an gwada duk lambobin da ke ƙasa ba, ana tsayawa ne a lambar da in ka ninka ta da kanta za ta kai wadda ake gwadawa, shi ya sa a 101 ba a wuce 10. Amma a wannan, wurin tsayawar ma yana da alƙaluma sama da miliyan 20. Masana na kiyasta ƙwayoyin zarra na duk sararin da ake iya hangowa da lamba mai alƙaluma kamar 80 kacal. Ko a tara kwamfutocin duniya kaf ba za su gama wannan rabawar ba. Ta wata hanya aka bi.

Malam_Lissafi: Ɗan_Rafindadi, tabbaci ne, kuma dalilin yana cikin ƙirar lambar. Duk lambar da aka samu ta jera 2 a ninka a cire 1, irin su 3, 7, 15, 31, 63, 127, ana kiranta lambar Mersenne, da sunan wani malamin coci na Faransa, Marin Mersenne, da ya mutu a 1648. Wannan dangin yana da gwajinsa na kansa. Édouard Lucas ne ya fara shi, da shi ya tabbatar a 1876 cewa 2^127 − 1, wato a jera 2 guda 127 a ninka a cire 1, firam ce, alƙaluma 39, kuma da hannu ya yi. Daga baya Derrick Lehmer ya kammala shi a wajejen 1930.

Ɗauko takarda mu gwada 127, wato 2^7 − 1. Ka fara da 4. A kowane mataki ka ninka abin da ke hannunka da kansa, ka cire 2, ka raba da 127, ka riƙe saurar kawai. Sau 5 za ka yi, wato 7 a cire 2.

4 sau 4 a cire 2, an sami 14.
14 sau 14 a cire 2, an sami 194, saura 67.
67 sau 67 a cire 2, an sami 4487, saura 42.
42 sau 42 a cire 2, an sami 1762, saura 111.
111 sau 111 a cire 2, an sami 12319, wanda shi ne 127 sau 97 cif. Saura sifiri.

In aka ƙare a sifiri, firam ce. In aka ƙare a wani abu daban, ba firam ba ce. Babu wataƙila a tsakani. Ita babbar, matakanta 136,279,839 ne, kowane mataki kuma ninka lamba mai alƙaluma miliyan 41 ne da kanta. Aiki ne mai nauyi, amma yana da ƙarshe.

Ɗan_Rafindadi: Allah ya saka da alheri Malam. Na bi da kalkuletar waya, haka ya fito. Amma 127 dama mun san firam ce. A nuna mini wadda gwajin ya kama ta ya ce a'a.

Ummi_Aji2: Baba, gwada 2047, wato 2^11 − 1. Matakai 9 ne. Abin da ke fitowa shi ne 14, 194, 788, 701, 119, 1877, 240, 282, sai na ƙarshe 1736. Bai sauka a sifiri ba. In ka duba kuwa, 2047 ita ce 23 sau 89. Abin lura, gwajin ya gaya maka tana rabuwa amma bai gaya maka da me take rabuwa ba.

Tsohon_Hedimasta: Madalla da wannan yarinya, Allah ya yi albarka. Abin da ta faɗa a ƙarshe yana da tarihi. Shi Mersenne a 1644 ya fitar da jerin waɗanda yake ganin firam ne, ya sa 67 da 257 a ciki alhali suna rabuwa, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107 alhali su firam suke bayarwa. An san 2^67 − 1 tana rabuwa tun zamanin Lucas, amma ba wanda ya san da me, sai a 1903 da Frank Nelson Cole ya tashi a wani taron masana lissafi a birnin New York. Ana ba da labarin cewa bai ce uffan ba. Ya lissafa lambar a gefe ɗaya na allo, a ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287, amsa ta zo ɗaya, ya koma ya zauna. Ina son yaranmu su san wannan, don su ga cewa babban malami ma sai an bi lissafinsa an duba.

Sadiq_POS: To ita 1 fa? Ai ita ma ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Me ya sa kullum ake fara ƙirga daga 2?

Malam_Lissafi: Saboda kowace lamba hanya ɗaya tak take warwaruwa zuwa firam. 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5, babu wata hanyar. In ka shigar da 1, sai a yi ta liƙa ta sau nawa aka ga dama, ƙa'idar ta rushe. Ka kuma kula da 91, ɗalibai da yawa na faɗawa a nan, 7 sau 13 ce.

Malama_Rabi: Sannunku da ƙoƙari. An bar rabin tambayar Ɗan_Rafindadi na biyu, kuma ni nan ne abin ya fi burge ni, domin lambar da ba mai iya karanta ta, mun san halayenta da yawa ba tare da mun gan ta ba. Ko da alƙalami ɗaya kake karantawa a daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ka haura kwana 470.

Ita ce ta 52 a firam ɗin Mersenne da aka sani. Ita kanta 136,279,841 firam ce, kuma dole ne hakan, domin in adadin biyun da aka jera yana rabuwa, lambar ma za ta rabu, shi ya sa 15 da 63 suka faɗi. Sai dai sharaɗi ne kawai, bai wadatar ba, ga 11 nan da Ummi ta kawo.

Alƙalaminta na ƙarshe 1 ne, kuma kowa zai iya gane haka. Ƙarshen 2, 4, 8, 16, 32 yana zagayawa ne 2, 4, 8, 6, ya sake komowa. Raba 136,279,841 da 4, saura 1, ke nan an tsaya a kan 2, a cire 1, saura 1.

Sannan firam masu mara sun kasu gida biyu: waɗanda in an raba da 4 saura 1, da waɗanda saura 3. Gidan farko kowace ana iya rubuta ta a matsayin lamba sau kanta a tara da wata lamba sau kanta, kamar 13 da take 4 da 9, ko 29 da take 4 da 25. Gida na biyu ba ya yiwuwa sam. Gwada da 7 ko 31 ka gani. Duk firam ɗin Mersenne a gida na biyu suke, har da wannan.

Akwai kuma tagwaye, firam biyu da 2 ce kawai tsakaninsu, kamar 11 da 13. Wannan ba ta da tagwai a samanta, domin in ka ƙara mata 2, 3 za ta raba abin da ya fito. Duba 7 ta koma 9, 31 ta koma 33, 127 ta koma 129.

Wanda na fi so shi ne na kammalalliyar lamba, wadda in ka tara duk masu raba ta ban da ita kanta sai su ba ka ita. 28 ita ce 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Ka lura 28 ɗin 4 sau 7 ce, 496 kuma 16 sau 31. Yuklid ya nuna tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa cewa kowace firam ta wannan dangin tana haifar da kammalalliya, masanin lissafi Leonhard Euler kuma ya nuna duk kammalalliya mai cika ta nan take fitowa. Don haka ranar da aka gano wannan, an sami sabuwar kammalalliya mai alƙaluma sama da miliyan 82 a kyauta.

Ummi_Aji2: Anti, dangin Sophie Germain fa? Wato firam ɗin da in an ninka ta biyu an ƙara 1 a sake samun firam, kamar 11 da 23.

Malama_Rabi: Ba ta cikinsu, ƙanwata. Ninka 31 biyu ki ƙara 1, kin sami 63, wato kin faɗa lambar Mersenne ta gaba mai adadin cika, ita kuwa 3 na raba ta. Amma misalinki ya taɓo wani abu mai daɗi: 23 ɗin da kika ambata ita ce ta raba 2047 ɗinki. Ba dace ba ne. Haka 23 take ba da 47, kuma 47 na raba 2^23 − 1. In adadin biyun firam ne mai mara, duk abin da zai raba lambar Mersenne sai ya zama adadin biyun sau wata lamba mai cika, a ƙara 1. 89 ma 11 sau 8 ce da 1. Da wannan ake tace yawancinsu kafin a shiga dogon gwaji.

Sadiq_POS: Ni na ji an ce da irin waɗannan lambobin ake tsare kuɗin banki da katin ATM. Ashe wannan sabuwar za ta ƙara mana tsaro ke nan.

Injiniya_Daura: A'a ƙanena, an haɗa magana biyu. Gaskiya ne tsarin ɓoye bayanai na RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fitar a 1977, da firam yake aiki. Ana ɗaukar biyu a ɓoye, kowace mai alƙaluma ɗari uku da 'yan kai, a ninka su a fitar da amsar fili, alƙaluma kamar 617. Tsaron shi ne ba mai iya komawa baya ya gano biyun. Wannan kuwa duniya ta san ta, ba a yin makulli da abin da kowa ke riƙe da shi, kuma ta yi girman da ba ta aikatuwa.

Amfanin da na sani da idona a wajen gyara yake. Manhajar Prime95 da masu wannan farauta ke amfani da ita tana matsa wa kwamfuta lamba sosai, in akwai matsala a firosesa ko a fanka nan take za ta fito. A 2016 ita ta tona wani kuskure a firosesar Intel samfurin Skylake. Akwai kuma wata 'yar dangin da duk mai rubuta manhaja ya sani, 2,147,483,647, wato 2^31 − 1, wadda Euler ya tabbatar firam ce a 1772. Ita ce iyakar ƙirgar tsofaffin tsare-tsare masu bit 32, shi ya sa ake maganar agogonsu zai cika a watan Janairu na 2038.

Almajirin_Gobarau: Allah ya gafarta malamai, ina ta jin sunayen Turawa, bari in tuna mana da namu. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi mutumin garin nan ne, Katsina. Ya tafi aikin hajji, a 1732 ya yi rubutu da Larabci kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, uku-uku, biyar-biyar da sauransu, ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatimin da kowane almajiri ya sani, 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, ko ta ina ka tara 15 ne, ai lissafi ne tsantsa. Kafin shi ma akwai Sabit bin Ƙurra a Bagadaza, wanda ya ba da ƙa'idar samo lambobi masoyan juna irin 220 da 284, wato in ka tara masu raba ɗaya ban da ita kanta sai su ba ka ɗayar, kuma ƙa'idar tasa a kan firam ta tsaya.

Tsohon_Hedimasta: Gaskiya ne Malam, kuma abin takaici ne yaro ya gama sakandare a Katsina bai taɓa jin sunan wannan bawan Allah ba. Sai dai mu faɗi abin yadda yake: a kan hatimi aikinsa ya shahara, kada gobe wani ya ɗauka ya ce shi ya gano firam ɗin Mersenne. Abin da ya yi ya ishe mu alfahari.

Malam_Lissafi: Shekarar da Malam ya ambata ta tuna mini wani abu. A 1732 ɗin ne Euler ya rushe zaton Fermat. Fermat ya ga 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk firam ne, sai ya ɗauka duk danginsu haka suke, wato lambobin da ake samu in an jera 2 guda 1, 2, 4, 8, 16 da sauransu an ninka an ƙara 1. Euler ya nuna ta gaba, 4,294,967,297, ita ce 641 sau 6,700,417. Har yau ba a sake samun firam ko ɗaya a wannan dangin ba bayan biyar ɗin.

Malama_Rabi: Malam na Gobarau, ga tsaraba. Hatimi ne wanda duk gidajensa firam ne: 17, 89, 71 a sama, 113, 59, 5 a tsakiya, 47, 29, 101 a ƙasa. Ko ta ina 177.

Almajirin_Gobarau: Masha Allah. Na tara har ta kusurwa, haka yake. Zan kai wa malaminmu bayan la'asar.

Yaron_Ƙofar_Ƙaura: Don Allah shi wanda ya gano ta nawa aka ba shi? Ina da laftof, in da kuɗi a ciki in shiga.

Injiniya_Daura: Sunansa Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin kayan kwamfuta na NVIDIA ne a Amurka. Ƙungiyar GIMPS ta masu farautar firam ɗin Mersenne, wadda George Woltman ya kafa a 1996, dala 3,000 take bayarwa. Babbar kyautar tana wajen EFF, wata gidauniya ta Amurka, dala 150,000 ga wanda ya fara kawo firam mai alƙaluma miliyan 100, kuma ba a kai can ba tukuna. Shiga kyauta ne, amma kada ka shiga don kuɗi. Shi hayar dubban na'urori ya yi a cibiyoyin ajiyar bayanai a ƙasashe 17. Gwaji ɗaya a ƙaramar laftof zai iya cin watanni tana kunne dare da rana, ga zafin Katsina a watan Afrilu, ga halin da wuta take ciki. In ba ka da sola mai ƙarfi, batirinka kawai za ka kashe.

Yaron_Ƙofar_Ƙaura: To ita ce ta ƙarshe ko akwai saura?

Ummi_Aji2: Firam ba su da ƙarshe, Yuklid ya tabbatar. Ka ninka duk waɗanda kake da su ka ƙara 1, za ka sami sabuwar firam.

Malam_Lissafi: Ummi, ƙaramin gyara. Ba lallai ita kanta ta zama firam ba. 2, 3, 5, 7, 11, 13 in an ninka an ƙara 1 suna ba da 30,031, ita kuwa 59 sau 509 ce. Abin da hujjar ta ce shi ne duk firam ɗin da zai raba ta ba ya cikin jerin da kika fara da shi. Na dangin Mersenne kuwa, ba wanda ya tabbatar ko suna ƙarewa ko ba sa ƙarewa. Kuma lokacin da aka sanar da wannan ba a gama tantance duk na tsakaninta da wadda ta gabace ta ba, wato 2^82,589,933 − 1 ta Disambar 2018. Shi ya sa ake cewa ta 52 da aka sani.

Ɗan_Rafindadi: Na ƙaru ƙwarai, amma bari in komo kan bakana. Malam da kansa ya ce Fermat ya ga misali biyar ya yanke hukunci, ya faɗi. Mu nan misali biyu muka gani, 127 da 2047. Mi ya raba mu da shi? Sannan matakai miliyan 136, in na'ura ta yi tuntuɓe a ɗaya fa?

Injiniya_Daura: Na biyun zan iya amsawa. Ranar 11 ga Oktoba wata na'ura a Dublin ta fara nuna alama ta wani gwaji daban, wanda shi kam wataƙila yake cewa. Ranar 12 wata a San Antonio ta jihar Texas ta tabbatar da gwajin Lucas da Lehmer. Bayan nan wasu mutane suka sake yi da manhajoji daban a kan na'urori daban kafin a sanar ranar 21. Tuntuɓe ɗaya kuwa zai watsa lissafin ne gaba ɗaya, da wuya ƙwarai ya kai ka sifiri, balle ya kai kowa sifiri iri ɗaya.

Ummi_Aji2: Baba ga na uku, na yi 8191, wato 2^13 − 1, matakai 11: 14, 194, 4870, 3953, 5970, 1857, 36, 1294, 3470, 128. Na ƙarshe 128 sau 128 a cire 2, an sami 16,382, wato 8191 sau 2. Sifiri.

Ɗan_Rafindadi: Sannu da aiki 'yata, Allah ya ƙara basira. Uku dai ba su kai biyar ɗin Fermat ba. Dalilin da ya sa gwajin ba zai taɓa yin ƙarya ba nake nema.

Malama_Rabi: Kana da gaskiya Yallaɓai, misali ko dubu ne ba hujja ba ne. Bambancin shi ne Fermat zato ya yi, wannan kuwa an kafa masa hujja a rubuce. Ƙofar shigarta ita ce 4 da 14 da 194 ba da ka aka zaɓo su ba. Tara 2 + √3 da 2 − √3, ka sami 4. Ninka kowanne da kansa ka sake tarawa, 7 + 4√3 da 7 − 4√3, ka sami 14. Sake yi, 194. Daga nan ake nuna cewa in an ƙare a sifiri, duk firam ɗin da zai raba lambar sai ya yi girman da ba zai bar wa abokin rabo wuri ba.

Malam_Lissafi: Wannan ɓangaren bai kai shafi biyu ba, ɗan aji uku na jami'a zai iya bi. Ɗaya ɓangaren, cewa kowace firam ta dangin dole ta sauka a sifiri, shi ya fi wuya. Zan rubuta na farkon da hannu in ɗauki hoto in turo bayan isha'i.

Sadiq_POS: Malam in za ka turo, don Allah a fara da bayanin √3 ɗin nan, tun a aji uku na sakandare muka rabu.